Sirrin 'Yarki A Hannun Malama

Ya ke 'yar'uwa uwargida, da za a ce miki yau 'yarki ta zauna gaban wata malama a makaranta ta faɗa mata abin da ba ta taɓa faɗa miki ba, malamar kuma ta rufe bakinta ta ƙi sanar da ke, yaya za ki ji? Za ki ce ta riƙe amana, ko za ki ce ta raba ki da 'yarki?

Tambayar ta taso ne saboda irin zaman nan da ake shirya wa 'yammata a makarantu, inda ake tara su rukuni-rukuni da malama guda, ba allo ba bulala. A Zariya akwai Cibiyar Ilmin 'Ya'ya Mata da ta daɗe tana irin wannan aiki a ƙauyuka, kuma shirin AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 ya shigar da shi makarantun jihohi irin su Kano da Katsina da Kaduna. Abin da ake tattaunawa ba baƙo ba ne: jinin al'ada da tsabtarsa, yadda yarinya za ta danne fushi, yadda za ta shirya da ƙawa bayan sun ɓata, yadda za ta ce a'a ga namijin da ya tare ta da kyauta. Dokar zaman ita ce, abin da aka faɗa a nan, a nan zai tsaya.

To, a nan iyaye mata da yawa ke yin tsaki. Uwa ta ce ni na ɗauki cikinta wata tara, ni na yi jegonta, in abu ya lalace ni za a nuna da yatsa a unguwa, ba malama ba. Wallahi tana da gaskiya, kuma duk wanda ya raina wannan magana bai san zafin haihuwa ba.

Amma mu dubi gidajenmu tsakani da Allah. Uwar da ko sunan 'yarta ta fari ba ta iya kira saboda kunya, ta ina za ta zaunar da ita ta yi mata bayanin haila? Ita ma yarinyar in ta ga jini sai ta ɓoye tsumma, ta yi kuka a bayan ɗaki. Da can ai ba a ɗora wa uwa wannan nauyi ba. Akwai kaka mai wasa da jika, akwai goggo, akwai yaya da ta yi aure a kusa. Wurinsu yarinya ke kai kukanta, su kuma su san abin da za su isar wa uwa da abin da za su haɗiye. Ba wanda ya ce kaka ta ci amanar uwa don ta rufa wa jikarta asiri. Yanzu kuwa gidan gandu ya watse, kowa na gidan haya, kaka na ƙauye, goggo na wani gari. Gurbin nan ne malama ta shiga, kuma in ba ta shiga ba, wayar hannu na nan tana jira, ita kuwa ba ta da kunya ba ta da tausayi.

Kuma sirrin nan shi ne jarin zaman baki ɗaya. Ranar da yarinya guda ta koma gida ta tarar maganarta ta riga ta isa, ta sha duka, shi ke nan, sauran duk sun ɗinke bakinsu. Za su ci gaba da zuwa, su yi ta "to malama, to malama", ciki kuwa a ƙulle.

Sai dai ni a ganina sirrin yana da iyaka. Yarinya ta ce tana son wani yaro a ajinsu, ko tana jin haushin babarta don ta fi son ƙaninta, wannan na malama ne, ta yi nasiha ta bar shi. In kuwa ta ce wani na taɓa ta, ko ta yi ɓatan wata, ko ta ce ta gaji da duniya za ta sha wani abu, to shiru a nan ya zama taya ɓarna. Dole malama ta nemi babba. Abin da ya wajaba shi ne ta faɗa musu wannan iyaka tun ranar farko, kuma in lokacin ya zo ta sanar da yarinyar kafin ta ɗaga ƙafa, in da hali ma su tafi tare. Ku ma 'yammata ku sani, bakin ƙawaye goma sha biyar ba ya rufuwa duka. Magana mai nauyi a jira a tashi, a sami malama ita kaɗai.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne in mai cutar da yarinyar yana cikin gidan, ɗan'uwa ne ko mijin uwa. Malama ta kai magana gida, a ce a rufa asiri kada a ɓata sunan zuri'a, yarinya ta kwana ɗaki ɗaya da tsoronta, har a ƙara mata da laifin tona asiri. A nan malama sai ta fara da shugabar makaranta da asibiti, sannan ta lalubi wanda a cikin dangi zai tsaya wa yarinyar tukuna. Sau da yawa uwar ce, in aka same ta ita kaɗai, ba a gaban kishiya ko dangin miji ba. Wani lokaci kuwa sai an wuce ta an je ga goggo.