Yaƙin Yarmuk da Amanar Mai Ba da Labari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, a bakin kogin Yarmuk, cikin ƙasar Sham, rundunar Musulmi ta karya rundunar Hirƙal, sarkin Rumawa. Babu mai musun aukuwar yaƙin, amma malaman tarihi sun saɓa game da lokacinsa. Saifu ɗan Umar ya ce shekara ta 13 bayan Hijira ne, daidai rasuwar Sayyidina Abubakar. Ibnu Ishaƙ da Waƙidi suka ce a watan Rajab ne na shekara ta 15, wato 636 Miladiyya, zamanin Sayyidina Umar. Mafi yawan masu bincike sun rinjayar da magana ta biyu.

To, wannan saɓani aibu ne ga tarihinmu? A'a, shaidar amana ce. Imam Ɗabari, wanda ya rasu a 310 bayan Hijira, ya bi Saifu, amma bai ɓoye ruwayar Ibnu Ishaƙ ba. Ya jingina kowace magana ga mai ita, domin na baya su auna. Da ya share wadda bai zaɓa ba, da littafinsa ya fi daɗin karatu, amma da ya toshe mana hanyar gyara.

Mu fa? Sau nawa muke ɗauko labari a kasuwa, mu rantse a kansa, alhali ba mu san mafarinsa ba? Wanda ya ce "haka na ji daga wane, Allah ne Masani" bai rage darajarsa ba, ya tsare harshensa ne.

Allah ya sa mu cikin masu gaskiya, amin.