Kuɗi Ya Bar Hannunka, Amana Fa?

Ga tambayar da nake so mu yi tunani a kai yau. An danƙa maka kuɗi domin matalauta. Kai kuma ka miƙa wa wani ya yi aikin. Kuɗin ya salwanta a hannunsa. Wa za a tambaya?

Da yawa daga cikinmu za mu ce, “Ai na ba shi, ba ruwana.” Bari mu dubi yadda Amurka ta amsa wannan tambaya. Tun shekara ta 1974 gwamnatin tarayyar ƙasar take aika wa birane da ƙananan hukumomi kuɗin raya unguwanni, ta hannun ma'aikatar gidaje. Doka ta ce aƙalla kashi 70 cikin ɗari ya amfani masu ƙaramin ƙarfi. Amma hukumar birni ba ta iya yin kome da kome da kanta, sai ta miƙa wani sashe ga ƙungiyoyi masu zaman kansu, har da na ikkilisiyoyi, waɗanda suke ciyar da tsofaffi ko ba marasa gida wurin kwana.

To, ka lura da wannan. Miƙa kuɗin bai sauke wa birnin nauyi ba. Sai an rubuta yarjejeniya, an duba ko ƙungiyar ta iya riƙon kuɗi, ana kuma karanta rahotonta. In ta kashe kuɗin ta hanyar da ba ta dace ba, birnin ne gwamnatin tarayya za ta ce ya biya. A ganina wannan daidai ne, gama wanda ya zaɓi hannun da zai karɓa, shi ne ya fi kowa damar sanin halin mai hannun.

Watakila za ka ce, “Amma bincike ba alamar rashin yarda ba ne?” Na san wannan damuwa. Mutum ya ba da ƙarfinsa yana hidima, sa'an nan a zo a ce ya kawo rasit, abin yakan yi zafi. Wanda aka aiko ya tambaya ma yakan ji nauyi, musamman in mai ƙungiyar dattijo ne ko abokinsa. Amma ɗan'uwana, kuɗin ba na mai bayarwa ba ne, ba kuwa na mai karɓa ba. Na wata gwauruwa ce wadda ba ta cikin ɗakin sa'ad da ake sa hannu, ba ta ma san an aiko da kome da sunanta ba. In ka ji kunyar tambaya, da hakkinta ka biya kunyarka.

Dubi abin da ya faru a jihar Misisipi, ɗaya daga cikin jihohi mafi talauci a Amurka. A can hukumar jiha ce ta miƙa kuɗin, ba ta birni ba, amma darasin ɗaya ne. A 2020 aka fallasa cewa kuɗin tarayya na taimakon iyalai matalauta ya bi ta hannun wasu ƙungiyoyi ya karkace. Masu bincike sun lissafta wajen dala miliyan 77. Kimanin miliyan 5 daga ciki sun tafi ginin zauren wasan ƙwallon raga a wata jami'a. Tsohon shugaban hukumar, John Davis, ya amsa laifinsa a kotu a 2022. Wanda aka sa ya yi tsaro, shi kansa yana cikin masu ci.

Mai gaskiya kuwa, bincike taimakonsa yake yi. Ran da baki ya tashi a kansa, littafin da aka duba shi ne zai tsaya masa.

Akwai kuma wani giɓi. Ƙungiyar da ta kashe dala miliyan 1 na kuɗin tarayya a shekara, dole akanta daga waje ya bincika ta. Kafin Oktoba 2024 iyakar dala 750,000 ce. Ƙananan ƙungiyoyi da yawa ba su kai wannan adadi ba. Su kam, sai dai ma'aikacin birni ya tashi daga kujerarsa, ya je gidan kwanan nan da ƙafarsa, ya ƙidaya gadaje, ya tambayi masu kwana ko sun ci abinci jiya.