Shara a Inda Ba Mai Gani

A Tekun Indiya akwai wani tsibiri da ake kira Aldabra, mallakin ƙasar Seshel. Tsakaninsa da babban tsibirin ƙasar akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000 a kan ruwa. Babu gari a cikinsa, babu kasuwa, sai ƴan tsirarun ma'aikatan bincike da manyan kunkuru sama da 100,000. Saboda su da sauran halittun wurin ne hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1982. Duk da wannan nisa, gaɓar tsibirin ta zama juji, domin igiyar ruwa na kwaso tarkacen roba daga nesa tana jibgewa dare da rana.

A farkon 2019, wasu matasa 12, ɗaliban Jami'ar Oxford ta Ingila da ƴan ƙasar Seshel, suka sa kansu su je su share. A tafiyar mako biyar, cikin zafin rana da duwatsu masu kaifi, sun kwashe tan 25 na shara, ciki har da silifas kusan 60,000. Da suka yi lissafin abin da ya rage, sai suka tarar ya kai tan 513, kuma teku bai daina kawo sabo ba.

A nan tambayar take. Mutumin da ya kwashe 25 ya bar 513, alheri ya yi ko aikin baban giwa?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce, ai ba mai barin sharar tsakar gida don gobe hunturu zai dawo da ƙura. Gaskiya ne, amma misalin bai cika ba. Tsakar gidan taka ce, kai za ka shimfiɗa tabarma a kanta. Ko aikin gayya da muke alfahari da shi, akwai ramuwa a cikinsa: yau an nome gonarka, gobe kai ma ka ɗauki fartanya ka tafi ta maƙwabci. Haka nan mun tashi mun ji ana cewa mai cire ƙaya daga hanya yana da lada, sai dai hanya wurin wucewar mutane ce, watakila ma ɗanka ne zai taka. Aldabra kuwa ba hanyar kowa ba ce. Wanda zai amfana shi ne kunkurun teku da ke fitowa ya haƙa rami a yashi ya saka ƙwai, da ƴaƴansa da za su ƙyanƙyashe su nemi hanyar ruwa tsakanin igiyoyi da robobi. Ba za su gode ba, ba za su rama ba, ba kuma za su kai ƙara wurin alƙali ba in an ƙi.

A ganina, wannan ne ya ba aikin daraja. Yawancin kirkin da muke yi a gaban ido muke yin sa, kuma da wuya mutum ya iya rarrabe ko tausayi ne ya motsa shi ko kunyar jama'a. Sai a wurin da babu mai gani, babu mai biya, ake gane ko mutum ya yarda cewa wanda ba shi da baki ma yana da haƙƙi. Ɗan kunkurun da ya isa ruwa a bana ba ruwansa da tan nawa ya rage. Shi dai ya rayu.

Sai dai akwai wata suka da ta fi wannan nauyi, kuma bai kamata a kau da kai daga gare ta ba. Binciken da matasan suka wallafa a 2020 ya nuna cewa kashi 83 cikin ɗari na nauyin sharar da ta rage kayan kamun kifi ne: taru, igiyoyi da robobin da ke riƙe su a saman ruwa. Wani bincike na baya kuma ya nuna cewa yawancin robar da ke fitowa daga kan tudu daga Indunisiya da Indiya da Siri Lanka take tasowa. An ƙiyasta cewa share tsibirin kakaf zai ci dala miliyan 4.68, a ƙasar da mutanenta ba su wuce 100,000 da ƴan kai ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masu manyan jiragen kamun kifi sun sayar da kifinsu sun ci riba, an bar ƴan sa-kai da ciwon baya. To, idan kullum za a sami masu zuciya su zo su kwashe kyauta, me zai hana mai zubarwa ci gaba da zubarwa? Ta haka alheri kan iya zama mayafin zalunci.

Abin da ya fitar da matasan Aldabra daga wannan zargi shi ne ba su kwashe sun yi shiru ba. Sun auna, sun ƙirga, sun ware kowane iri, sun faɗi kuɗin da aikin ya ci. Kafin zuwansu, ana iya cewa teku ne ya kawo, kuma teku ba shi da adireshi. Bayan zuwansu, an san sana'ar da ta fi yin ɓarnar, an san adadin bashin. Sharar ta zama shaida.

Mu da muke nesa da teku kada mu ɗauka zancen bai shafe mu ba. Ledar da ruwan sama ya ja daga kwatar Yamai zuwa Kogin Isa ta kama hanyar da ƙarshenta Tekun Atilantika ne, kuma mai jefarwa ba zai taɓa ganin inda ta tsaya ba. Rashin gani shi ne ya sa zubarwa ta zama da sauƙi.

Don haka, mai karatu, in ka ga ɗan sa-kai da buhu a hannu, kada ka tambaye shi yaushe zai gama, domin shi ma ya san ba zai gama ba. Tambaye shi ko yana rubuta abin da ya tsinta, da kuma ƙofar wa zai kai lissafin.