Haraji da mutuncin talaka

Shin adalci ne attajiri da talaka su biya haraji ɗaya? A 1961, Fafaroma Yohana na 23 ya koyar, cikin wasiƙarsa Mater et Magistra, cewa a aza wa kowa gwargwadon ƙarfinsa. Hujjar Cocin Katolika ita ce arzikin duniya na ƴan Adam ne duka.

A 2005 Nijar ta ɗora harajin kashi 19 cikin 100 kan madara, sukari da garin alkama. Kuɗi ɗaya attajiri da ɗan ga-ruwa suka biya, amma ɗan ga-ruwa daga tuwon ƴaƴansa ya cire. Jama'a suka rufe kasuwanni, gwamnati ta sassauta. Biyan haraji wajibi ne, amma harajin da ke taɓa abincin yaro zalunci ne.