Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Wanda ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai, rufin ɗaki lafiya lau zai gani. Sai wanda ya kwana a ciki da damina, ya tashi tsakar dare yana jan tabarma daga wannan kusurwa zuwa waccan, shi ya san inda ruwa ke ɗiga. Ban ga wanda wannan karin magana ya fi dacewa da shi kamar mai fama da cutar Parkinson ba.

Abin da idon jama'a ke gani shi ne karkarwa. Dattijo na zaune, hannu a cinya, babban yatsa na murza manuni kamar mai jan carbi. Ya miƙa hannu ya ɗauki buta, rawar ta lafa. Ya ajiye, ta dawo. Ita wani likitan Landan, James Parkinson, ya siffanta a 1817, ita kuma duniya ta gani a hannun Muhammad Ali ranar da ya kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Tushenta a ƙwaƙwalwa yake: ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dopamin ne ke mutuwa sannu a hankali, sai motsi ya yi nauyi, gaɓoɓi su sanƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu cutar sun haura miliyan 8.5 a 2019.

Amma yoyon gaske sai dare ya yi. Ana cewa dare mahutar bawa, shi kuwa a nan aikinsa ke farawa. Juyi a kan gado, abin da mai lafiya ke yi bai ma sani ba, shi sai ya farka ya yi dabara, wani lokaci sai an kama masa. Fitsari ya tashe shi, ga ƙafa ta ƙi ɗaguwa, ga duhu, ga tsoron faɗuwa. Kafin asuba ƙarfin magani ya ƙare, yatsun ƙafa su murɗe. Gari ya waye ya zauna a majalisa yana gyangyaɗi, a ce tsufa ne.

Masu dubiya kuwa kowa da fatawarsa. Wannan ya ce sammu ne, waccan ta ce iska ce, wani ya zo da saiwa a ƙunshi. Abin da ke ci mini rai, da wuya ka ji wanda ya tambayi mai jikin. Alhali likita ma da bayaninsa yake aiki. Maganin levodopa ba ya warkar da cutar, amma yana sassauta ta ƙwarai, kuma daidaita shi ya rataya ne a kan sanin sa'ar da yake kama jiki da sa'ar da yake saki. Nama da wake da nono kan rage masa ƙarfi in an haɗa su da maganin lokaci guda. Wa zai lura da wannan in ba mai sha ba?

Sai dai ɗakin nan ba mutum ɗaya ke kwana a cikinsa ba. Da yawa daga masu cutar kan yi ihu ko su kai naushi cikin mafarki, wani tun shekaru kafin karkarwa ta bayyana, kuma da safe ba su san an yi ba. Uwargida ce ta sani, ita da barcinta ya tafi tare da nasa. Ita ma mai ɗaki ce, a shiga da ita wurin likita.

Al'adarmu ce a ce ina kwana, a amsa da lafiya lau ko da ba a runtsa ba. In ka je gaida irin wannan mara lafiya, kada ka tsaya nan. Zauna ka ce, “Baba, jiya ka samu barci kuwa?” Ka saurara har ya gama, ko da maganar na fita a hankali, sannan ku kai abin da ya faɗa gaban likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.