Fasali a kan wa'adin shugaba da hukuncin tazarce

Godiya ta tabbata ga Allah wanda mulkinsa ba shi da wa'adi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa.

Bayan haka, ka sani ya kai almajiri, da kai falke, tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya yanka wa shugaba shekara 4 sau biyu, na Nijar na wannan shekara ya yanka shekara 5 sau biyu. Wasu suna cewa wannan ba ya da asali gare mu, domin Sayyidina Umaru ya riƙi al'umma har ajalinsa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa daga 1817 har 1837.

Amsa ita ce, waɗancan an yi musu mubaya'a ba da sharaɗin lokaci ba. Shugaban zamani kuwa da sharaɗi aka ba shi, ya karɓa, ya yi rantsuwa a kai. Ya yi kama da wanda ya hayi rumfa a kasuwa: malaman fiƙihu sun shardanta ajali sananne ga haya. In ajali ya cika, ba ya halatta ya ƙi fita don ya gyara rufi.

Dubi Tanja Mamadu, Allah ya gafarta masa. An zaɓe shi a Nijar a 1999, aka sake a 2004. Da wa'adi ya kusa, masoyansa suka ce tazarce, a bar shi ya ƙarasa ayyukansa. Ba na musun yana da ayyuka, talakawan ƙauye sun so shi. Amma kotun tsarin mulki ta ce bai halatta ba, sai ya rushe ta, bayan ya riga ya rushe majalisa. Ran 4 ga Agusta 2009 aka yi ƙuri'ar raba gardama, aka ƙara masa shekara 3. Ran 18 ga Fabrairu 2010 soja suka kama shi. Matatar man Damagaram, wadda aka fara a zamaninsa, an buɗe ta a 2011, ba shi bisa kujera.

In ka ce ai haya ana sabunta ta da yardar mai rumfa, ga shi jama'a sun yarda, sai in ce: wace yarda ce wadda mai nemanta shi ke riƙe da baitulmali da bindiga, ya kuwa kori alƙalin da ya hana shi? Ɗan kasuwa ya san ba a barin mai saye ya riƙe mudu shi kaɗai. Balle tsarin mulkin da ya rantse a kansa ya hana a taɓa wannan sharaɗi ko da ƙuri'a.

A Nijeriya majalisar dattawa ta ƙi gyaran da zai ba Obasanjo wa'adi na uku ran 16 ga Mayu 2006. Ya sauka a 2007, ba a kai ga bindiga ba.

Allah ne mafi sani. Tammat.