Gwamnan Da Ya Ƙi Rantsuwa: Shugaba Ya Bi Jama'a Ko Ya Faɗa Masu Gaskiya?

Ɗan'uwa mai karatu, in ka zauna kallon fim ɗin yaƙi, wa kake ɗauka jarumi? Na san amsarka, don ni ma da ita na taso. Jarumi shi ne wanda ya toge ya ƙi ja da baya, harsashinsa ya ƙare ya zaro wuƙa, har aka kashe shi kiɗan baƙin ciki na tashi. Kwanan baya na sake kallon fim ɗin The Alamo, na 1960 wanda John Wayne ya bada umarni kuma ya fito a ciki, da na 2004 wanda John Lee Hancock ya yi. Duk biyun labarin mutum kimanin 200 ne da sojojin Meziko suka yi wa ƙawanya kwana 13 a wani tsohon coci a Teksas, suka gama da su ranar 6 ga Maris, 1836. Sai dai a wannan karon hankalina ya koma kan wani mutum da ba ya cikin waɗanda suka mutu, wato Janar Sam Hustan. A fim na farko 'yar fitowa kaɗan aka ba shi. A na biyun, inda Dennis Quaid ya hau matsayinsa, an nuna shi mashayi mai jan ƙafa kafin ya ci nasara. Da na bi tarihinsa sai na ga ashe babbar fitowarsa tana can shekara 25 bayan wurin da finafinan suka tsaya.

Bari in ɗan gabatar maka da shi. An haifi Hustan a 1793 a Bajiniya ta Amurka. Yana ɗan shekara 16 ya gudu daga gida ya koma cikin ƙabilar Ciroki, 'yan asalin ƙasar da muke gani a finafinan kaboyi ana ce masu Jajayen Indiyawa. Ya koyi yarensu, suka sa masa suna Hankaka. Daga baya ya yi soja, ya shiga siyasa, ya zama gwamnan jihar Tenesi a 1827. A 1829 aurensa ya mutu bayan 'yan makonni da ɗaurawa, kunya ta sa ya ajiye mulki ya koma wurin Cirokawa, ya dulmiya cikin giya har suka canza masa laƙabi zuwa babban mashayi. A ƙarshen 1832 ya tsallaka Teksas, wadda a lokacin lardi ce ta Meziko da baƙi daga Amurka ke ta cikawa. Da suka yi tawaye, shi suka ba jagorancin mayaƙansu.

To, ga gwaji na farko. Bayan Alamo ta faɗi, shugaban Meziko Santa Ana ya sa aka harbe fursunoni fiye da 300 a Goliyad. Jini ya tafasa, kowa na neman ramuwa. Hustan kuwa ya kwashi mayaƙansa ya yi ta ja da baya wajen sati biyar. Sojojinsa suka zage shi, shugaban riƙo na gwamnatin tawayen ya rubuto masa wasiƙar cin fuska. Ya toshe kunne, don ya san mutanensa ba su da horo, kuma in aka karya su sau ɗaya magana ta ƙare. Hausawa sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ranar 21 ga Afrilu ya auka wa sansanin Santa Ana a San Jasinto da mutum wajen 900, cikin minti 18 aka watsa su. An kashe 'yan Meziko fiye da 600, da yawansu bayan sun riga sun karaya. Washegari aka kamo Santa Ana, mayaƙa na ihun a rataye shi. Hustan, yana kwance da harbi a idon sawu, ya hana. Ya ga cewa shugaba mai rai zai iya umartar sauran dakarunsa su janye, gawa kuwa ba ta bada umarni.

A nan fim ya ƙare, a nan kuma siyasa ta fara. Teksas ta zama jamhuriya mai cin gashin kanta, aka zaɓi Hustan shugaba daga 1836 zuwa 1838, sannan daga 1841 zuwa 1844. Ƙasa ce ta bakin iyaka, baitulmali ba komai, ga Meziko ba ta yarda ta rabu da ita ba, ga ƙabilun da aka tarar. Hustan ya zaɓi tsumulmular kuɗi da sulhu. Tun a Fabrairun 1836 ya ƙulla yarjejeniya da sarkin Cirokawan Teksas, Duwali, cewa za a bar masu ƙasarsu. Majalisar dattawa ta ƙi amincewa da ita. Wanda ya gaje shi, Mirabo Lamar, ya tura sojoji a Yulin 1839 suka kore su. Aka kashe Duwali a fagen fama, tsoho mai shekara sama da 80, yana ɗauke da takobin da Hustan ya ba shi kyauta. Hustan ya fito fili ya la'anci abin, amma la'anta ba ta mayar wa kowa gona ba. Ka riƙe wannan, mai karatu, za mu dawo kansa.

A 1845 Teksas ta shige cikin Amurka, Hustan ya zama sanatanta daga 1846 zuwa 1859. A 1854 ya jefa ƙuri'ar ƙin wata doka da ta buɗe ƙofar kai bauta sababbin yankunan Kansas da Nebraska, don ya hango za ta raba ƙasar. 'Yan kudu suka ce ya ci amanarsu, majalisar jiharsa ta hana shi komawa kujerar. Duk da haka talakawa suka zaɓe shi gwamna a 1859. Da Abraham Linkon ya ci zaɓen 1860, jihohin kudu masu riƙe da bayi suka fara ɓallewa. Hustan ya yi ta yawo yana gargaɗi cewa yaƙi za a yi, za a zubar da jini mai yawa, kuma arewa ce za ta yi nasara. Ba a ji ba. A Fabrairun 1861 aka kaɗa ƙuri'a, masu son ɓallewa suka yi rinjaye da wajen uku bisa ɗaya. Ranar 16 ga Maris aka kira jami'an gwamnati su yi wa sabuwar ƙasar 'yan kudu rantsuwar biyayya. An kira sunan gwamna sau uku. Wani da ya shaida abin ya rubuta cewa tsohon yana zaune a ɗakin ƙasa na ginin majalisa yana fiƙe ɗan itace da wuƙa, bai amsa ba. Aka tuɓe shi, aka ɗora mataimakinsa. Gwamnatin Linkon ta yi masa tayin sojoji don ya riƙe kujerarsa, ya ce ba ya so. Ya koma gida, ya rasu a Yulin 1863, yaƙin da ya yi gargaɗi a kai yana tsakiyar ci.

Yanzu ga tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami. Mutumin da jama'a suka zaɓa, in suka nufi rami, me ya wajaba a kansa?

Wani zai ce ai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Mutane sun yi zaɓe, shi wane ne da zai ce ya fi su sani? Wannan magana tana da nauyi, don duk azzalumin da ya taɓa danne mutane cewa ya yi don amfaninsu yake yi. Amma duba abin da Hustan ya yi da kyau. Bai soke ƙuri'a da bindiga ba, bai kulle kowa ba. Abin da ya hana su guda ɗaya ne, bakinsa. Jama'a na da ikon karɓe kujerar da suka ba ka, amma ba su da ikon sa ka rantse a kan abin da ka yi imani ɓarna ne. Kuma in ka lura, shugaban da ke gaya wa mutane abin da suke son ji kawai, shi ne ya raina su, don ya ɗauke su yara ne da ake lallashi da alewa.

Wani kuma zai zo ta ɗaya gefen ya ce, to in ya tabbata yana kan gaskiya, me ya sa ya ƙi sojojin Linkon? Ba ragwanta ba ce ya koma gida ya naɗe hannu? Na daɗe ina juya wannan. Da fim ne, nan za a sa ya zaro takobi. Sai dai sojojin nan a kan wa zai juya su? A kan maƙwabtansa, a kan 'ya'yan waɗanda suka bi shi San Jasinto, har da ɗansa na cikinsa, wanda ya shiga rundunar 'yan kudu aka ji masa mummunan rauni a 1862. Da ya karɓa, da ba wanda zai iya rarrabewa, har shi kansa, ko don gaskiya yake yaƙi ko don kujera. Da ya saki kujerar, sai "a'a" ɗinsa ta fita daga zargin kwaɗayi. A ganina wannan shi ne ma'aunin da za ka gwada duk mai cewa yana jayayya da jama'a don alherinsu: me jayayyar ta ci masa, kuma me ta ci wa wasu?

Amma kada mu yi saurin tafi, domin akwai tabo babba. Hustan bai ƙi bauta ba. Shi kansa ya rasu yana da bayi 12. Tsarin mulkin jamhuriyar da ya shugabanta ya kare bauta ƙarara, alhali Meziko da suka yaƙa ta riga ta kama hanyar haramta ta tun 1829. A ƙidayar 1860 bayi a Teksas sun haura 180,000, kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen jihar, kuma ba wanda ya tambaye su ra'ayinsu a kan ɓallewa. Abin da Hustan ya tsaya wa shi ne haɗin kan Amurka, har ma yana ganin bautar za ta fi samun tsaro a cikin tarayya. Wato ya hango yaƙi daga nesa, bai ga mutanen da ke yi masa noma a bayan gida ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Haka ma batun Duwali: alƙawarin da ya tsaya a kan kirkin mutum ɗaya, ba tare da doka ta ɗaure shi ba, ranar da mutumin ya sauka ranar ya warware.

To me za mu ce da shi ke nan? Ni dai ba zan ce masa waliyyi ba, ba kuma zan yarda tabonsa ya shafe abin da ya yi ranar 16 ga Maris ba. Mutum na iya yin ƙarfin hali na gaske a kan abu ɗaya, ya makance a kan wanda ya fi shi girma. Darasin biyu ne. Na farko, bashin da shugaba ke ɗauke da shi ga jama'arsa shi ne gaskiya, ko da za ta raba shi da su, sannan ya haƙura da hukuncinsu ba tare da ya zubar da jininsu ba. Na biyu, duk lokacin da ya ce "jama'ata", ya tsaya ya ƙirga, su wa ya bari a waje?

Zan rufe da kira ga marubutanmu da masu shirya finafinai. Mun ƙware wajen raba duniya gida biyu, ga jarumi fari tas, ga bos baƙi ƙirin. Mai kallo ya girmi wannan. Ina marubucin da zai ba mu tsoho mai kurakurai, yana zaune shi kaɗai da wuƙa da ɗan itace, ana kiran sunansa a sama yana ji, ya san in ya amsa ya tsira da komai, in ya yi shiru ya rasa komai? Ba faɗa, ba waƙa, ba rawa, amma duk wanda ya taɓa zama a taron dangi ko na ƙungiya, kowa ya ce "e" shi kaɗai zuciyarsa na cewa "a'a", zai gane wannan fitowar. Kai kuma mai karatu, ranar da aka kira naka sunan, Allah ya ba ka ikon sanin abin da ya kamata ka yi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.